Kilishin Arba'in

An yi wani sarki a Birnin Dargaza mai suna Mijinyawa. Mutum ne mai tsare haƙƙin talakawa, ba a taɓa jin ya ƙwace gonar wani ko ya rufe ƙofa ga mai ƙara ba, amma Allah ya jarrabe shi da ciwo guda, shi ne yawan zato. Ba da shi aka haife shi ba. Ƙaninsa Ciroma, wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya, ya fita rangadi lafiyarsa ƙalau, ya dawo yana riƙe da ciki, bai kwana uku ba ya cika. Masu magani suka ce ajali ne. Sarki ya ce ya ji, amma daga ranar ba ya kai loma bakinsa sai wani ya fara ci a gabansa, kuma ya kafa doka cewa duk abincin da zai shiga fada, sai mai shi ya faɗi sunansa da abin da aka haɗa shi da shi tun daga ƙofa. Wanda ya ɓoye, hukuncinsa hukuncin mai neman ran sarki ne.

Wazirinsa wani dattijo ne mai suna Malam Cindo, wanda ya yi wa mahaifin sarki aiki kafin ya yi wa ɗan. Shi ya fi kowa ganin yadda ubangidansa ya sauya, domin ko shi in ya miƙa wa sarki goro, sai ya ga idon sarki ya tsaya a kan yatsunsa.

Ranar sadakar arba'in ta Ciroma, da hantsi, wata tsohuwa mai suna Tabawa ta iso ƙofar fada a kan jaki, da kwando rufe da faifai. Daga Dausayin Jatau ta fito, wani ɗan gari can arewa inda dabino ke yi, kuma nan ne zangon ƙarshe da Ciroma ya kwana kafin ya juyo gida. Dogari ya gaya mata doka, ya ce ta faɗi abin da ta kawo. Ta ɗaga faifai, sai ga kilishi ja wur, an jera shi fale-fale.

Dogari ya ce, "Kilishi ne, Iya?"

Ta ce, "Ai ga shi kana gani, ɗana. Gaisuwar mutanen Dausayi ce, sarki zai ci ya ji."

Barau Sarkin Fawa shi ne mai duba duk naman da zai shiga cikin gida. Ya tsuguna gaban kwandon yana yaba launi da sheƙi, har ya fara tambayar wane mahauci ne a Dausayi yake da wannan hannu, sai ya ga shazumamu sun yi layi daga gindin bango suna hawa kwandon. Shekara talatin yana shanyar kilishi, bai taɓa ganin sun bi nama haka ba. Ya ɗauki guda ya ja. Maimakon ya yage ta inda zaren nama yake, sai ya lanƙwashe yana miƙewa. Ya sunsuna, ya lasa, ya tofar, ya ce a tsare tsohuwar.

Kafin azahar an gurfanar da ita gaban sarki. Mai ɗanɗana wa sarki abinci ya ci gutsure biyu, ya ce dabino ne da zuma da gyaɗa, da wani abu mai ɗan tsami. Aka ba akuya ta cinye nata, tana neman ƙari. Aka zauna ana kallon mutum da akuya, babu wanda ya faɗi.

Sarkin Fawa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, rashin dafi bai wanke ta ba. Wanda ya zauna ya ɓata kwanaki yana sa dabino ya yi kama da nama, har da zane-zanen zare a jikinsa, ba don wasa ya yi ba. Ni da na tsufa a cikin sana'ar nan saura kaɗan ya wuce ni."

Sarki ya ce, "Abin da ke raina ke nan. Yau an gwada ƙofata da mai zaƙi don a ga ko zai wuce, gobe a turo mai ɗaci." Sannan ya dubi tsohuwar. "Ke, wa ya aiko ki, kuma me ya hana ki faɗin gaskiya a ƙofa?"

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, dagacinmu da matan gari suka aiko ni, ni ce mai yi. Mu a Dausayi, in mutum ya yi rashi, ranar arba'in akan kai masa wannan, ba a gaya masa ko mene ne. Zai ɗauka yana jiran yaji, sai ya ji zaƙi. Wani ya yi dariya, wani ya yi kuka, amma dai bakinsa ya farka. In an faɗa tun daga ƙofa, ai ya lalace."

Sarki ya juya ga 'yan majalisa ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa jin wannan al'ada. Kowa ya ce bai taɓa ji ba. Sai sarki ya ce, "Labarinta irin kayanta ne, waje daban, ciki daban. Waziri, ga ta nan. Na ba ka daga yanzu zuwa la'asar ta gobe. In ka zo mini da hujja cewa gaskiya ta faɗa, na sake ta. In ba ka zo da ita ba, doka ta hau kanta, a miƙa ta ga hauni."

Malam Cindo ya ce ya karɓa, amma ya fita zuciyarsa ba ta tare da tsohuwar. Shi ma bai taɓa jin wannan al'ada ba, ga shi ya zaga ƙasar nan fiye da kowa. Kuma ya san cewa mai makirci ba ya aiko ƙato da takobi, tsohuwa yake aikowa a kan jaki.

Da la'asar ya same ta a ɗakin da aka tsare ta, tana zaune ta miƙe ƙafa, tana tambayar dogari ko an ba jakinta ruwa. Ya zauna nesa kaɗan, ya ce ta gaya masa yadda ake yin abin. Ta ce ana cire ƙwallon dabino, a kirɓa shi da zuma har ya zama kamar danƙo, a shimfiɗa shi fale-fale a kan asabari, a ja tsinken tsintsiya a kai don ya fito da zare irin na nama, a shanya kwana biyu. Sannan a niƙa gyaɗa soyayya a kwaɓa da ruwan zoɓo mai kauri don ja, a shafe shi ciki da baya, a sake shanyawa, a ɗan nuna masa garwashi don gefensa ya yi duhu. Waziri ya bar ta ta gama, ya kawo wata hira, can ya dawo ya sake tambayarta daga ƙarshe zuwa farko. Ba ta sauya ko ɗaya ba, sai dai ta ce, "Allah ya gafarta malam, ko kai ma so kake ka koya?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Iya, ranar da Ciroma ya kwana a garinku, me ya ci?"

"Tuwon gero da miyar kuka a gidan dagaci. Sai fura. Ni ma na dama furar."

"Ke?"

"Ni. Ya sha ya ƙara, ya ce in na zo birni in nemi gidansa." Ta share ido da bakin mayafi. "Ga shi na zo."

Waziri ya fito yana juya maganar. Mai laifi ba zai faɗi da bakinsa cewa shi ya dama furar ba. Amma mai laifi mai wayo zai faɗa, don ya san za a ce mai laifi ba zai faɗa ba. Ya ga in ya bi wannan hanya, zai yi ta zagaye har la'asar ta gobe ta same shi. Ya yi tunanin aikawa a kirawo dagacin Dausayi, sai ya tuna tafiyar kwana biyu ce, kuma ko da sun zo gari guda sun rantse, sarki zai ce bakinsu ɗaya. Shaidar wanda ke son a sake ta ba za ta yi amfani ba. Abin da yake nema shi ne shaidar wanda bai san shaida yake bayarwa ba.

Da safe ya shiga wurin sarki. Bayan gaisuwa sarki ya ce, "An ce jiya ka daɗe a wurinta."

Waziri ya ji zafin maganar, ya haɗiye. Ya ce, "Na daɗe, Allah ya ja zamaninka, kuma na fito ban san ko gaskiya take faɗa ba. Shi ya sa nake roƙon kada a karɓi komai daga bakina. Al'ada in ta gaskiya ce, ba a bakin mutum ɗaya take zaune ba. Duk wanda aka haifa a Dausayi zai gane abin nan da ya gan shi, ko ya yi shekara ashirin rabonsa da garin. A nemo irin wannan mutum a cikin birni, wanda bai ji abin da ya faru ba. Kada a kawo shi fada, don kowa ya san fada ana makoki. A ajiye masa abin a wani gida inda ba a yi rashi ba, kada a ce masa komai, a ga abin da zai yi."

Sarki ya ce, "Wa zai nemo shi? Kai?"

"Sarkin Fawa, tunda shi ya kawo ƙara. Ya zaɓi wanda ya ga dama, a kuma yi a zaurensa."

Sarki ya daɗe yana kallonsa, yana neman inda dabarar take. Da bai samu ba sai ya ce, "Na yarda. Amma ba wanda zai kawo mini labari. Da kunnena zan ji."

Barau bai yi sanya ba. Ya tuna da wani majemi a bayan kasuwa mai suna Nomau, wanda aka raba shi da gonar ubansa a Dausayi shekaru da yawa, ya baro garin yana zagi, har yau in an ambaci Dausayi sai ya tofar da yawu. Ya aika masa cewa yana da fatu da yake so su yi magana a kansu. Sannan ya ƙara tasa dabarar: ya ɗauko kilishinsa na gaske ya gauraya da na tsohuwar a faifai ɗaya, har shi kansa sai ya lura sosai kafin ya raba su.

Bayan azahar sarki ya saka riga marar ado, ya bi ta ƙofar baya da Waziri da dogari ɗaya da Tabawa. Aka zaunar da su a ɗan ɗakin da ke jikin zauren Barau, aka saki asabari a ƙofa. Dogari ya gaya wa tsohuwar cewa ko tari ta yi, ta yanke wa kanta hukunci. Malam Cindo ya zauna kusa da ita. Sai a lokacin ya fara ganin ramukan da ke cikin shawararsa. In majemin ya manta fa? In ya gane amma ƙiyayya ta sa ya yi shiru? In kuwa babu wata al'ada, to shi da hannunsa ya shirya wa tsohuwar nan mutuwa a gaban idonta.

Nomau ya yi sallama ya shigo, dogo ne siriri, hannuwansa sun rine da bagaruwa. Suka gaisa, suka taɓa maganar fatu. Barau ya turo faifai ya ce, "Taɓa mana, kada ka ce ka zo gidan Sarkin Fawa ka fita baki a bushe."

"Kai kuwa yau wace rana ce? Shekara nawa ina jeme maka fata, ko ƙashi ba ka taɓa ba ni ba."

Ya miƙa hannu yana dariya, ya ɗauki guda ya kai baki, ya ce yajin ya yi. Ya sake miƙa hannu. Sai hannun ya tsaya a sama. Ya jawo faifan gabansa, ya ɗaga wani yanki ya duba gefensa, ya juya shi. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya gyara zama, ya tanƙwashe ƙafa kamar mai zaman gaisuwa.

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sarkin Fawa, wa ka rasa? Har an yi arba'in ban ji ba?"

Barau ya ce, "Rashin me? Kowa lafiya a gidan nan. Kilishi ne na ba ka."

"Kada ka yi mini haka. Wannan naka ne, wannan ma naka ne." Yana magana yana ware su gefe biyu, bai lasa ko ɗaya ba. "Wannan kuwa daga garinmu ya fito. Dubi gefen, an danna shi da farcen babban yatsa sau uku, don mai kaiwa kada ya rikita. Ba a yin sa don kasuwa, ba a yin sa don biki. In ka ga an kawo maka shi, to mutuwa ta shiga gidanka kwana arba'in da suka wuce." Sai ya dafe baki. "Af! Ko ba ka ci ba tukuna? Na ɓata maka. Ka yafe mini, ba a faɗa."

Barau ya dubi yankunan da aka ware. Can ya ce, "Ai na zaci ba ka shiri da mutanen Dausayi."

"Ba na shiri da su, kuma ba zan yi ba har in mutu. Azzalumai ne a kan gona. Amma wannan ba sa wasa da shi." Ya ɗauki yanki guda yana kallo. "Shekara huɗu da rasuwar uwar 'ya'yana a garin nan. Ranar arba'in na zauna a ƙofar gida tun safe, na san ba mai zuwa, amma na zauna."

Wanda bai taɓa zaman makoki ba zai ce me ke cikin ɗan dabino. Ni mai ba ku labarin nan na zauna, na sani. Abinci yakan zama kamar ƙasa a baki, a kawo maka mai daɗi da marar daɗi duk ɗaya, kana ci ne don kada a dame ka da magiya.

Nomau ya gutsura ya tauna a hankali, idonsa ya kawo ruwa. Sai ya ɓata fuska ya ce, "Wannan hannun Tabawa ne. Har yau ba ta daina ƙona gyaɗa ba."

Daga bayan asabari aka ji murya: "Ƙarya kake, Nomau! Uwarka ma a wurina ta koya!"

Dogari ya zabura, sarki ya ɗaga masa hannu. Ya tashi da kansa ya yaye asabarin. Da Nomau ya ga wanda ke tsaye, sai ya zube yana neman gafara, bai san laifin da ya yi ba. Sarki ya ce ya tashi, babu laifi a kansa.

Aka koma fada kafin la'asar, aka tara majalisa. Sarki ya ce, "Waziri, al'ada ta tabbata, na ji da kunnena. Amma saura biyu. Ta karya dokar ƙofa. Kuma ita ta dama furar da Ciroma ya sha, dogarin da ke tsaronta ya gaya mini."

Malam Cindo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dokar ƙofa ka kafa ta ne don ta kama mai nufinka da sharri. In ta kama mai ta'aziyya ta kashe, to ta yi aikin da ba ka aike ta ba. Maganar fura kuwa, ni ma ta tsaya mini a rai, ba zan ɓoye maka ba. Amma na duba ban ga komai a hannunmu ba sai cewa ta dama, ya sha. Ya sha ruwa a garuruwa bakwai kafin nan. Ban san abin da ya ɗauke Ciroma ba, kai ma ba ka sani ba, kuma mai yiwuwa ba za mu sani ba har mu tarar da shi. Wannan rashin sanin nauyi ne, na ga yadda yake cin ka. Sai dai ba ya halatta a sauke shi a wuyan wadda ta zo gaishe ka."

Ba a saba gaya wa sarki irin wannan a gaban jama'a ba, Waziri kuwa ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai biyo baya.

Sarki ya ce a miƙo masa kwandon. Mai ɗanɗana abinci ya matso, sarki ya ce ya koma. Ya ɗauki yanki ya ci, ya tauna, ya haɗiye. Ya ce, "Da daɗi." Sannan ya dubi Tabawa. "Amma ban ji abin da kika ce ana ji ba."

Ta ce, "Ba za ka ji ba, ranka ya daɗe. Ka riga ka sani. Sau ɗaya yake yi wa mutum, kai kuwa an binciko maka naka tun a ƙofa."

Sarki ya dubi sauran yankin da ke hannunsa. Sannan ya ce an sake ta, ya ba ta turmin zane da saniya, ya sa dogarai biyu su raka ta har gida da gaisuwarsa ga mutanen Dausayi. Ya ce a gaya wa dagaci ya sake duba maganar gonar Nomau a gaban alƙali. Bai ci mutuncin Sarkin Fawa ba, ya ce aikinsa ya yi. Waziri kuwa, sarki ya tuɓe alkyabbar jikinsa ya yafa masa, ya ce, "Ka tsamo ran tsohuwa daga hannuna, ka tsamo ni daga alhakinta. Na biyun ya fi girma."

Daga ranar aka sassauta dokar ƙofa, aka ce a riƙa tambaya, amma kada a hukunta kowa sai da hujja. Sarki ya sa aka rubuta a saman takardar hukunci cewa: zato yana da izinin tsayar da mutum a ƙofa, amma ba shi da izinin raka shi wurin hauni, domin adalci shi ne mai mulki ya riƙe baƙin cikinsa a ƙirjinsa, kada ya ɗora shi a wuyan wanda bai san laifinsa ba.